Wadda Ta Yi Jinyar Akilai

Bishkek, Agusta 2002

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka. Yaya turin kurar kaya, yaya haƙuri da mutanen kasuwa? Ni lafiyata ƙalau. Uwarmu Apa ma da sauƙi, sai ciwon ƙafar nan nata da ka sani.

Ka ga sunan garin da na rubuta a sama, ka san ba yawo ya kawo ni ba. Akilai ce. Muna can kan dutse wurin kiwo, Apa na tatsar baƙar goɗiyar nan mai mugun hali, ni ina riƙe da dukushinta. Yarinyar ta zagayo ta baya da ɗan kwanonta don a zuba mata nono, goɗiyar ta harbe ta a kai, saman kunnen hagu. Ko kuka ba ta yi ba. A asibitin Narin suka ce abin ya fi ƙarfinsu, suka turo mu nan. An yi mata aiki a ka, ta yi kwana da kwanaki a sume. Shekaranjiya ta buɗe ido.

Apa ba ta biyo mu ba. Babu mai tsayawa a kan dabbobi, kuma ƙafarta ba ta doguwar hanya ba ce. Da za a sa yarinyar a mota sai da aka ɓamɓare hannun Apa daga rigarta. Ta ce mini, "'Yar nan, ga autata nan amana. Ki dawo mini da ita."

Ban san yadda zan gaya maka sauran ba. Ta farka, amma ba ta san kowa ba. Na sunkuya na ce, "Akilai, wace ce ni?" Ta yi mini irin duban da ake wa baƙo a tasha. Sunanta ma sai an yi ta kira kafin ta waiwayo. Likitar, wata doguwar mata mai furfura da ake ce wa Sabira, ta ce yara sun fi manya warkewa, amma ba za ta yi mini alkawari ba. Ta ce a kawo kayan da yarinyar ta saba da su, a riƙa gaya mata wane ne wane, kada a gaji.

Tun ranar da aka yaye ta muka miƙa ta ga iyayenka, Apa da Ata, kamar yadda ake yi da ɗan fari, ban sake kwana gado ɗaya da ita ba. Shekara huɗu ke nan ni Jenge ce a bakinta, matar yayanta mai kawo ruwan wanka. Yanzu ga ni rungume da 'yata a gadon asibiti, kuma sai da goɗiya ta fasa mata kai na samu. Allah ya yafe mini wannan tunani.

Na ba Gulsun mai kai riguna can takardar. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Jipar

Novosibirsk, Satumba 2002

Jipar,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sai dai ciwon baya, kura ba ta san tausayi ba. Mutanen ɗakinmu suna gaishe ki, suna yi mana jaje.

Takardarki ta daɗe a jakar Gulsun a tsakanin riguna kafin ta tuna da ita. A tsaye na fara karantawa, a zaune kan kurar na ƙarasa. Ranar ban san kayan wa na kai ina ba. Na je wurin mai rumfa na ce zan taho gida. Ya ce in na tafi yanzu da kakar rigunan sanyi ta kama, kada in dawo. Kin san da aikin nan za a sayi magani, sai na zauna. Ki ce mini rago, na karɓa.

Goɗiyar nan tun Ata na da rai nake cewa a yanka ta, ana ce mini ita ta fi nono. To, ga nonon nan mun sha.

Ga abin da nake roƙonki. Likita ta ce a gaya mata wane ne wane, to ki fara da Apa. Safe da yamma ki ce mata Apa na gida tana jiranta. Ki ba ta labarin yadda suke zuwa bakin rafi tare, ki yi mata waƙar da Apa ke yi mata, ko da da wannan muryar taki ce mai korar tumaki. Kin san tun rasuwar Ata yarinyar nan ce ta riƙe tsohuwar a duniya. In ta koma gida ta yi wa Apa duban baƙon tashar da kika faɗa, wallahi mutum biyu za mu rasa. Ni kuma ki ce mata Yaya Kubat zai kawo mata jan takalmi mai gashi a ciki. In ta manta fuskata ba za ta manta da wannan ba, ƙanwar nan tawa ba ta yafe alkawari.

Maganar da kika yi a ƙarshe na gani. Gajiya ce da tsoro, ban riƙe ki ba, amma kada wani ya ji ta a bakinki. Ba a kanmu aka fara ba da ɗan fari ba. Kuma ba ƙasar wasu aka kai ta ba, gida ɗaya kuke, kina ganinta kullum. Allah zai ba mu wani cikin da zai zauna.

Ki riƙa cin abinci. Na san ki, in hankalinki ya tashi shayi kawai kike sha.

Mijinki,
Kubat

Bishkek, Satumba 2002

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Har yanzu shiru daga wajenka, ban sani ba ko takardata ta iso. Ina lafiya. An cire wa Akilai ɗinki, gashi ya fara tsirowa, ta fara tafiya tana dafa bango. Magana na dawowa kaɗan-kaɗan, ruwa, zafi, a'a. A'a ta fi yawa, nan kam ta gado ka.

Wani abu ya faru. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata 'yar garin Tokmok mai jinyar ɗanta, bakinta ba ya hutawa. Ba ta san mu ba, kama kawai ta gani. Ran nan na shigo da shayi sai ta ce wa yarinyar, "Tashi mana, ragguwa, ga apanki ta kawo miki shayi." Akilai ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Apa." Ya kamata in ce a'a, Jenge ce. Da niyyar haka na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Na'am."

Tun ranar haka take kirana. In nas ta zo da allura ni take nema, "Apa, riƙe ni." Ban yi mata ƙarya ba. Ka duba maganar ta kowane gefe ka nuna mini inda ƙaryar take.

Mahaifiyarka ta aiko da ƙulli ta hannun direban Narin. Na leƙa ciki, akwai 'yar rigar yarinyar ta gashin tumaki, da kwanonta, da busasshen cuku, da wani tsohon ɗankwali nata ita kanta. Na mayar na ɗaure na tura ƙarƙashin gado. Likita ta tambaya ko an kawo kayan, na ce mata hanyarmu ba kyau.

Za a sallame mu kwanan nan, amma likita na so ta riƙa ganinta. Gwaggona Batma ta ce mu zauna a ɗakinta, kuma akwai aikin ɗinki a inda take yi. Ba zan koma ƙauye yanzu ba. Kada ka ce in koma.

Jipar

Novosibirsk, Oktoba 2002

Jipar,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, don ba ni da wata.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ina nan ina roƙonki ki fara da Apa, ashe ke kin riga kin gama da ita. Tun yaushe ta koma "mahaifiyarka" a bakinki? Matar da ta yi jinyarki duk lokacin da cikinki ya zube, ta hana kowa ya ce miki uffan? Kuma "ba zan koma ba" me kike nufi? Gidan kika bari ko ni? In auren ne ya ishe ki ki faɗa a fili, ki daina fakewa da yarinya mara lafiya.

Kin ce in nuna miki ƙaryar. Tana ƙarƙashin gado. Likita ta ce ga magani, an aiko miki da shi tun daga bayan duwatsu, kin tura shi inda ake ajiye takalma. Da kwalbar allura kika ɓoye, me za a kira ki? Yarinyar da ba ta san jiyanta ba, ko matar Tokmok ɗin aka nuna mata aka ce ga apanki za ta amsa. Wannan ba so ba ne, ciwo ne.

Na samu Apa ta wayar gidan waya ranar Juma'a, sun sauko daga dutse. Ta sa an yanka goɗiyar, ta rabar sadaka don yarinyar ta tashi. Maƙwabta sun ce ba ta cin komai, kullum tana bakin hanya tana duban motar Narin. Ta tambaye ni, "Autata ta neme ni kuwa?" Na ce safe da yamma. Kin sa ni ma na zama maƙaryaci.

Kina tsammani ni dutse ne? Ni na ɗauke ta da hannuna na ɗora a cinyar Ata, dattawa suna ta sa mini albarka, sannan na zagaya bayan garke na daɗe ban fito ba. 'Yata tana ce mini Yaya ina amsawa da dariya. Na haɗiye, don haka kowa ya haɗiye.

Ki buɗe ƙullin.

Kubat

Bishkek, Nuwamba 2002

Maigida,

Na amsa gaisuwarka yadda ta zo. Ina lafiya, Gwaggo Batma na gaishe ka. Sanyi ya sauka sosai.

Ka koma ka karanta takardata. Cewa na yi ba zan koma yanzu ba. Ka haɗiye "yanzu" ka zauna kai kaɗai ka kashe mana aure. Da barinka zan yi ba sai na ɓata takarda ba, da baki zan gaya wa Gulsun, kafin ka ji duk Siberiya ta ji.

Sauran maganarka ta yi mini ciwo, don gaskiya ce, kuma na riga ka saninta. Ga abin da ban rubuta maka ba. Akilai ba ta riƙe komai. Abin da na koya mata yau, gobe babu shi. Kowace safiya sai ta tambaya, "Ina ne nan?" Kuma kullum da la'asar, daidai lokacin tatsa, sai ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kuka. In na ce me kike so, ta ce ba ta sani ba. In na ɗauke ta tana ce mini Apa, amma idonta na kan ƙofar.

Likita Sabira ba yarinya ba ce. Da muka je ganinta ta sa nas ta fita da Akilai, ta ce, "Ke kika haife ta, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Wa ya raine ta?" Kafin in amsa ta ce, "'Yar fari ce ko? Ni ma a hannun kakata na tashi." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ban ce in ta ga tsohuwar za ta warke ba. Amma kin ajiye ta a garin da ba ta sani ba, a ɗakin da ba ta sani ba. Me kike so ta tuna?" Na ce, in ta tuna, ni fa? Ta ce, "Wannan ba a koya mana shi a makaranta ba, 'yar'uwa."

Na buɗe ƙullin. Rigar ba ta kula ta ba, cukun ta tofar. Ɗankwalin ta ɗauka, yana warin hayaƙi da nono, ta kifa fuska a ciki ta daɗe. Sai ta ɗago ta yi irin kiran nan da Apa ke yi wa dukusai in za a ɗaure su, daidai da muryar tsohuwar, har da ɗan tarin ƙarshe. Sannan ta yi dariya, ta farko tun ranar da abin ya faru. Ni na fita na zauna a matakala har sai da Gwaggo ta zo ta tashe ni.

Na aika wa direba ya taho da Apa kafin ƙanƙara ta rufe mashigin dutse. Ka ga na rubuta Apa. Sai ka huta.

Jipar

Novosibirsk, Nuwamba 2002

Jipar,

Sallama, da gaisuwa ta gaske wannan karon. Ina lafiya, na yi mura ta wuce. Yaya jikin yarinyar, yaya ke? Ban ga amsarki ba, kuma ban ga laifinki ba. Gulsun ma ba ta iso ba, an ce an tsare kayansu a kan iyaka. Wannan ta hannun wani direba na aiko.

Tun da na tura waccan takardar ban samu sukuni ba. Kin tuna ranar rasuwar Ata, da Kawu Mukash ya zo ya tsaya gaban Apa ya ce, "Jenge, sai haƙuri"? Duk ƙauye an san ita ta haife shi, shi ma ya sani. Shi ne ɗanta na fari, aka ba kakanninmu. Mutum da furfurarsa, ya yi wa uwarsa ta'aziyya kamar maƙwabci, ya sha shayi ya hau dokinsa. Na ga fuskarta a ranar, ban gane abin da na gani ba sai yanzu. Ba na so wata rana in ga wannan fuskar a jikinki.

Ki bar ta ta kira ki Apa. Ni ma ki koya mata, ki ce mata Ata, ba Yaya ba. Allah ne ya wanke allon, wataƙila don a sake rubutu daidai. Ƙullin ki yi yadda kika ga dama da shi, yarinya ce ƙarama, za ta tara wasu abubuwan tunawar a hannunmu. Zan taho bayan sabuwar shekara ko mai rumfa ya so ko ya ƙi. Ni zan tsaya gaban Apa in faɗa, in tsinuwa ce ta sauka a kaina. Za mu nemi ɗaki a Bishkek mu uku.

Ki yafe mini abin da na rubuta. Ina son ki, ko da ban iya faɗa ba.

Mijinki,
Kubat

Kara-Bulak, Disamba 2002

Maigida,

Wa alaikumus salam. Muna gida, kowa lafiya. Apa ta fara cin abinci, Akilai ta yi kumatu. Takardarka ta biyo ni daga Bishkek, ta same ni jiya ina kwasar toka. Ta makara, amma na gode. Na yi kuka da na karanta, ba zan ɓoye maka ba.

Apa ta iso gidan Gwaggo da rana, ƙafa a kumbure, sai da direba ya riƙo ta a matakala. Ta tsaya a bakin ƙofa. Akilai na wasa da ƙyallayen ɗinki. Ta ɗago ta daɗe tana kallonta. Sai ta miƙe ta taka a hankali, ta cusa kai cikin rigarta ta ce, "Apa, ƙafar ce?" Suka zube nan ƙasa su biyu. Can ta waiwayo ta gan ni tsaye, ta ce, "Jenge, ba ki ga Apa ta gaji ba? Zubo mata shayi." Na zubo.

Daga ranar abubuwa suka riƙa dawowa, ba duka ba, kuma ba a jere ba. Da muka iso ƙauye ita ta nuna gidan da kanta, ta kira karen da sunansa, ta tambaya ina baƙar goɗiya. Yanzu tana riƙe abin da aka yi jiya. Har yanzu kalma kan ɓace mata, kuma tana saurin gajiya. Likita ta ce mu gode wa Allah. Ta kuma ce zaman asibiti da na gidan Gwaggo da wuya su dawo, don a lokacin kan ba ya ajiya.

Apa ta san komai, Gwaggo ba ta iya riƙe magana ba. Ba ta ce mini uffan a kai ba. Sai dai a mota, yarinyar na barci a jikinta, ta jawo ƙafafunta ta ɗora mini a cinya ta ce, "Riƙe, 'yar nan, sun yi mini nauyi." Haka na riƙe su har Narin.

Kada ka zo da maganar da ka rubuta. Da ƙyar aka haɗa kan nan, ba zan sake fasa shi don kaina ba. In ka zo ta ce maka Yaya, ka amsa.

Abu ɗaya ne ya rage mata na can. Yau da safe ina taje mata gashi a hankali wajen tabon, Apa na gefe tana kaɗin gashin tumaki. Akilai ta ce ta tuna wani farin ɗaki, ana soka mata allura, Apa na riƙe da ita tana hura mata wurin. Ta ce Apa ba ta tafi ko'ina ba, ko barci ba ta yi. Sai ta juyo ta harare ni ta ce, "Ke kuma, Jenge, ko sau ɗaya ba ki zo duba ni ba."

Mazarin Apa ya tsaya. Ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Hanya ce ta yi nisa, Akilai. Ki yafe mini."

Ta yi ɗan tunani, ta ce ta yafe, amma kada in sake.

Matarka,
Jipar